Wata guda a hanya, gida tara, yanayi yana juyawa: wa ya taɓa yi?

Ɗan Autan Gida

Assalamu alaikum jama'a. Na samu hutun wata guda a wurin aiki, karo na farko cikin shekara shida da na iya haɗa hutuna wuri ɗaya. Niyyata in zaga dangi da abokai waɗanda muka daɗe sai dai gaisuwar waya. Na lissafa gida tara a gari bakwai, na raba kwanakin daidai wa daida: kowane gida kwana uku, ukun da suka rage na hanya. Abin da ke ɗan damuna shi ne lokacin ya faɗo a kan gaɓa, zan fita ana ƙarshen ruwa, in dawo sanyi ya fara shigowa. Don Allah wanda ya taɓa doguwar ziyara a irin wannan lokaci ya ba ni labarin yadda ta kaya da shi. Abin da ya same ku da kanku nake son ji.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Ɗana, kwana ukun da ka ware wa hanya ba za su ishe ka ba. Gari bakwai tashi takwas ke nan, har da na komawa gida, kuma duk ranar tashi rana ce da ta tafi: haɗa kaya, sallama, rakiya, jiran mota, sannan ka isa a gajiye.

Ni na yi irin taka bayan na ajiye tuƙi, da motata. A mako na biyu aka kwana ana ruwa, da safe muka tarar ya haye wata ƙaramar gada. Na kashe mota na tsaya. Na bayana suna ta matsa mini, wai ai bai kai gwiwa ba. Na ƙi shiga, don ruwa mai gudu ko santimita 30 ne zurfinsa yana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 15 kuma ya isa ya kayar da babban mutum a tsaye. Kwana biyu na yi a garin da ban san kowa ba. Abin da ya fi yi mini ciwo, kwana biyun nan daga rabon yayata suka fita, don ita ce ta ƙarshe a jeri. Na shekara takwas ban gan ta ba, na kwana ɗaya a gidanta na juyo. A hanyar dawowa kuma hazo ne da sassafe, sai rana ta ɗaga nake iya tashi. Ka bar kwana huɗu ko biyar da ba na kowa ba.

Uwar Biyu

Baba Direba ya faɗi gaskiya. Ni da yara biyu na yi tawa, ɗaya shekara shida ɗaya uku. Na cika akwati da kayan zafi don da zafi muka fito, na saka rigar sanyi guda guda. Makon farko lafiya lau. Daga nan sai garin ya koma kashi biyu: da asuba sanyi har yaran na karkarwa, da azahar gumi. Wanki kuma ba ya bushewa a gidan da muka sauka na biyu, iskar ta yi laima, kaya su kwana biyu a igiya su fara warin danshi. Da zan sake, riguna marasa nauyi zan ɗauka masu yawa da za a ɗora ɗaya kan ɗaya, a riƙa cirewa rana na ɗagawa, da safa, da hular sanyi.

A mako na uku ƙaramin ya kwanta da mura da zazzaɓi. Muna gidan matar wana ne. Kwana biyu muka shirya yi, muka yi shida. Kunya ta hana ni sakewa, ina ta ba ta haƙuri, ita kuma tana cewa in daina. A kwanakin nan ne na san ta. Da can gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ita ta riƙa tashi cikin dare tana taɓa goshinsa. Gida biyu muka fasa zuwa saboda haka, ɗaya daga cikinsu har yau da ɗan ƙorafi.

Malamar Jinya

Yaya Uwar Biyu, sannu. Mako na uku ɗin nan na sha jin sa a bakin matafiya. Barci ya ragu, kullum sabon gado, kullum hira har tsakar dare, ga cuɗanya da mutane da yawa a ɗaki ɗaya an rufe tagogi saboda sanyi. Jiki ya gaji, mura ta samu hanya.

Tawa da mahaifiyata na yi, tana da ciwon suga, allurar insulin take yi. Wadda ba a buɗe ba tana son firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ta daskare ta lalace. Saboda haka ban taɓa bari ta shiga cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi ba, a jakar hannuna take. A wani gida wata yarinya ta karɓa da kyakkyawar niyya ta saka a wurin ƙanƙara. Allah ya sa na duba kafin mu kwanta. Tun ranar ni nake ajiyewa da hannuna a duk gidan da muka sauka. Wanda yake shan magani kullum ya ɗauki na wata da ƙarin mako guda, da takardar likita. Mai asma kuma ya sani iska mai sanyi da bushewa tana tayar da ita, abin shaƙarsa ya kasance a aljihu.

Sai zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana kusan ninka haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa, a jirgi ne ko a mota. Duk inda aka tsaya sai na fito da mahaifiyata ta ɗan taka, ko tana cewa ba ta so.

Baƙuwar Ƙetare

Tawa ta haɗa da tsallaka ruwa. Na je wurin ƙanwata a Landan ƙarshen Satumba, daga nan na zaga wasu ƙawaye a garuruwan kusa. Da na isa, rana ba ta faɗuwa sai wajen bakwai saura. Ban ankara ba yini ya riƙa gajarcewa, kusan minti huɗu kullum, kafin wata ya cika an ci kusan awa biyu. Ganyayen bishiyoyin layinsu da na tarar kore suka koma ruwan ɗorawa da ja, suka zube. Abin sha'awa ne, amma ya taɓa mini zuciya, da yamma ta yi sai in ji kewar gida ta taso mini ba dalili.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba suka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Wayata ta gyara kanta, agogon hannuna bai gyara ba, na isa tashar jirgin ƙasa awa guda kafin lokaci cikin sanyin safe. Ran nan kafin biyar na yamma rana ta faɗi. Sannan Amurka ba ta canza nata sai Lahadin farko ta Nuwamba, don haka a makon tazarar Landan da New York awa huɗu ce maimakon biyar. Mun saɓa lokacin kira da wani ɗan'uwanmu sau biyu kafin mu gane. Wanda zai yi jirgi ya tuna yawancin kamfanoni kilo 23 suke bari a akwati, kayan sanyi kuwa suna da nauyi. Ni ƙanwata ce ta ara mini babbar rigarta.

Malamin Labarin Ƙasa

Hajiya, abin da kika gani karkatar duniya ce. A gicciye take da kusan digiri 23 da rabi yayin da take zagaya rana. Wajen 20 ga Maris da 22 ko 23 ga Satumba dare da yini suna kusan daidaita a ko'ina, kuma a makonnin da ke kewaye da ranakun nan ne tsawon yini ya fi saurin canzawa. Kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu da ƙyar ake lura, amma kana nisa da ita abin yana ƙara fitowa.

Na koyar da wannan shekara da shekaru, sai da na je wurin wani tsohon abokin karatuna a Johannesburg ƙarshen Mayu na ji shi a jikina. Na bar zafi na sauka a farkon hunturunsu, don kudancin duniya yanayinsa kishiyar na arewa ne. Birnin kuma yana kan tudu, sama da mita 1,700, iska kuwa tana rage zafi da kusan digiri shida da rabi a duk hawan mita 1,000. Da rana sararin sama tas, da dare ina kwana da bargo biyu. Ɗan Auta, ko ba ka bar ƙasarku ba, ka duba ko a cikin garuruwan nan bakwai akwai na kan tudu. Sanyi can yake fara sauka.

Kawun Yara

Duk an yi maganar hanya da jiki. Ni rabon kwanakin ne bai kwanta mini ba.

Shekara huɗu da suka wuce na yi wata guda ina zagaye, kuma kamar kai na raba, kwana biyu biyu. A ciki akwai abokina na ƙuruciya, tare muka tashi, mun shekara goma sha ɗaya ba mu haɗu ba. Ranar farko ta tafi a gaisuwa da shigowar maƙwabta da nuna mini yara. Rana ta biyu muka yi ta tsohon labari, wane ya yi kaza, ka tuna wance, muna ta dariya. Na ɗauka lafiya yake ƙalau. Da safen rana ta uku na ɗaure kaya, sai aka tashi da iska mai ƙarfi da ruwa, tafiya ta fasu. Muka zauna mu biyu a ɗaki, yara sun tafi makaranta, tsohon labari ya ƙare. Muka yi shiru mai tsawo. Can sai ya ce mini wata bakwai ke nan ba shi da aiki. Kullum da safe yana saka kaya ya fita don kada yaran su gane. Ko 'yan'uwansa bai faɗa wa ba.

A waya kullum “lafiya lau, alhamdu lillahi” yake ce mini, kuma da na tafi a ranar da na tsara da haka zan ci gaba da ɗauka. Na ƙara kwana uku. Ban iya sama masa aiki ba, ba ni da wannan ƙarfin. Mun dai zauna mun rubuta sunayen waɗanda za a iya tuntuɓa, na kira biyu a gabansa, kuma ya yarda ya faɗa wa babban wansa. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, ni dai na ga ƙafar ma sai ta zauna. Mutum ba ya buɗe cikinsa ga baƙon da ya san gobe zai tafi. Ka duba cikin gidajen nan tara, akwai waɗanda yini ɗaya ya ishe su kuma za su ji daɗi, akwai biyu ko uku da kai ma ka san mako suke buƙata.

Mai Masauki

Kawu, labarinka ya taɓa ni, amma bari in yi magana da bakin masu karɓar baƙi, don gidana kan hanya yake, ba a wata biyu ba a sauka ba. Baƙo raɓa ne. Wani ɗan'uwan maigidana ya zo da niyyar kwana uku ya yi goma sha biyu, daidai lokacin da sanyi ya shigo yara kuma suka koma makaranta. Ɗaki biyu gare mu. Na ba shi bargon yara na haɗa su a ɗaya, ruwan wanka na safe sai an dafa na mutum shida kafin bakwai. Mutumin kirki ne, ina ƙaunarsa har yanzu. Abin da ya gajiyar da ni shi ne ban san ranar tafiyarsa ba, kuma ba zan iya tambaya ba. Da ya ce mini tun farko kwana goma sha biyu ne, da na shirya na karɓe shi da sakin fuska har ƙarshe.

Kawun Yara

Gaskiyarki, Hajiya. Ni ma da na ƙara kwanakin sai da na sami matar abokin nawa na tambaye ta, kuma na faɗi ranar da zan tashi.

Ɗan Autan Gida

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na zauna na sake lissafin. Gida huɗu zan kwana a cikinsu: wurin gwaggona kwana shida, ita ce ta rage a ɗakin su mahaifina kuma jikin ya fara rauni, wurin abokina kwana biyar, don da Kawu yake ba da labarinsa shi ne ya faɗo mini a rai, ya rage kira tun bara, sauran biyun kwana uku uku. Gida uku suna kan hanyata, yini zan yi musu. Kwana takwas na hanya, biyar na bar su a buɗe kamar yadda Baba Direba ya ce. Na kira kowa na faɗi ranar zuwa da ta tashi. Gida biyu ne suka fita, kuma ban san da wane baki zan gaya musu ba, ɗaya gidan ɗan kawuna ne da ya riga ya fara shiri.

Tsohon Direba

Ka kira shi yau, da muryarka, kada ka tura saƙo. Ka gaya masa gaskiyar dalilin, ka ba shi watan da za ka zo. Gwaggon taka kuma ka fara da ita, tun ba a taɓa kwanakin ba.