Ina so in kai dokina duwatsun Dass mu kwana a daji, ina neman shawara

Ɗan Kobi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu doki, musamman dattawan da suka taɓa doguwar tafiya a kansa.

Ina da ingarma kili a gida, nan cikin garin Bauchi. Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ni na gaje shi, ni nake ba shi ci da sha da hannuna. Shekararsa wajen tara. Aikinsa hawan sallah, sai ɗan kilisa da yamma idan na taso daga kasuwa da wuri. Sauran lokaci yana turke. Duk sanda na dube shi sai in ji ban yi masa adalci ba, domin dabbar da kakanninmu suka ratsa ƙasa da ita ta koma abin ado na ranar idi kawai.

Ni da abokaina biyu, kowa da dokinsa, mun yi niyyar idan an gama girbi mu nufi Dass, mu shiga gindin dutsen Mbula, mu kwana cikin itatuwa, mu yi 'yan kwanaki mu dawo. Dukkanmu ba wanda ya taɓa kwana da doki a daji. Abin da ya fi damuna shi ne dare: yaya ake ɗaure su inda babu barga? Sai kuma abinci da ruwa, da kofatonsa a kan dutse tunda bai saba ba. Duk wanda ya san wani abu ya taimaka don Allah.

Tsohon Ɗan Barga:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka riƙe amanar da ya bar maka. Na ji daɗin wannan niyya taka, domin a barga na tashi, kuma yana yi mini ciwo in ga dawakin yanzu ba su san hanya ba sai filin idi da ƙofar fada.

Amma kafin maganar dare, akwai wadda ta fi ta. Dokin sallah ƙiba gare shi, ba ƙarfin hanya ba. Ɗaukarsa daga turke ka hau dutse da shi kamar ka ɗauko ɗan birnin da bai taɓa riƙe fartanya ba ne ka ce ya jagoranci gayya. Ka ba shi wata ɗaya da rabi ko biyu kana fita da shi kusan kullum. Ka fara da tafiya kawai, ban da sukuwa, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Bayan sati biyu ka fara kai shi wajen Gudum ko Warinje inda akwai tudu da tsakuwa, ya riƙa hawa yana sauka. Da haka ne numfashinsa zai buɗe, kofatonsa ya yi tauri. Dawakinmu ba a saba sa musu takalmin ƙarfe ba, kuma suna iya dutse idan an saba musu a hankali. A gyara masa kofato tun da sauran sati biyu, kada a yanke ana gobe tafiya. Idan ka ga yana ɗosa ƙafa a kan tsakuwa yana neman gefen hanya mai laushi, bai shirya ba, ka ɗaga tafiyar. Dutsen ba inda za shi.

Kayan ado duk ka bar su a gida. Sirdi mara nauyi, da abin shimfiɗa mai kauri kuma mai tsabta a ƙarƙashinsa, da majayi mai kyau, shi ke nan. Ka tafi da ragama daban, domin linzaminmu mai kaifi ne, bai dace ya wuni a bakin doki ba. A hawan tudu sirdi baya yake zamewa, a gangara kuma yana hawa kafaɗa, to ka riƙa tsayawa kana duba majayi. Inda gangara ta yi tsanani ko dutse ya yi sulɓi, ka sauka ka ja shi. Ba abin kunya ba ne, manyan mahaya haka suke yi. Kayan kwana da harawa kuma kada ku ɗora wa dawakin da kuke hawa, ku nemi jaki.

To, dare. Ku sauka tun rana na sama, la'asar sakaliya ta same ku kun riga kun zaɓi wuri. Wurin ya zama mai ɗan tudu, ƙasa a baje, iska na ratsawa. Kada ku sauka a bakin rafi duk da daɗin inuwarsa, can ƙwari suke, can namun daji suke zuwa shan ruwa. Da ka sauka ka sassauta majayi, ka bar sirdin ɗan lokaci kafin ka cire, sannan ka goge bayan, ka bi shi da tafin hannu. Inda ka ji zafi ko kumburi, nan gyambo zai fito gobe idan ba ka gyara shimfiɗar ba.

Kowane doki da turkensa. Ku sassaƙa su tun daga gida, ku tafi da guduma. Tunda ingarmu ne, tazarar da ke tsakaninsu ta zama ko sun miƙe igiya sun juya baya, harbin ɗaya ba zai kai ga ɗaya ba, amma suna ganin juna, domin doki ba ya son kaɗaici a baƙon wuri. Dabaibayi yana da amfani lokacin da kake zaune kana kallonsa yana kiwo a fili, amma kada ka bar shi da shi a kan gangara ko cikin duwatsu da dare. Kuma ku raba daren uku, kullum mutum ɗaya na farke. Doki yana jin abu tun kafin kai ka ji. Ka ga ya daina tauna ya miƙe kunnuwa gefe guda, ka tashi ka haska.

Abinci kuwa, abin da ya saba ci a gida shi za ka kai masa: harawarsa, dusarsa, dawarsa da 'yar kanwa. Idan kun sami harkiya a fadama ka yanko masa. Amma kada ka bar shi yana fizgar ganyen itacen da ba ka sani ba. Dokin barga bai san na ci da na bari ba, kuma a dazukanmu akwai samberu, ganyensa yana kashe dabba.

Malamin Dabbobi, Gombe:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Zan ƙara ta ɓangaren aikina.

Ruwa shi ne zai tsara muku hanya. Dokin da ke aiki yana shan lita 30 zuwa 40 a rana, da zafi ma ya fi haka. Dawaki uku kun ga jarka biyar ko shida ke nan kullum, ba abin da za ku ɗauka a baya ba ne. Sai kun san inda rafi ko rijiya take kafin ku ce ga inda za ku kwana. Dokin da bai sha ya ƙoshi ba, ga busasshiyar harawa a ciki, shi ciwon ciki yake kamawa. Alamarsa ya ƙi cin abinci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana son kwanciya ya yi birgima, kashi kuma ya ɗauke. Kun ga haka, ku janye abinci, ku riƙa jansa a hankali, ku kira likita. Lambar likitan dabbobi na yankin ta kasance a wayarku tun kafin ku bar gida.

Sai ƙudan tsando. Yana zama a kurmin bakin rafi mai duhu, shi ke sa sammore, kuma doki bai da juriyarta ko kaɗan. Ba a daji za ka ga ciwon ba, sai kun dawo da sati ɗaya zuwa uku ka ga zazzaɓi, rama, kumburin ƙafafu da ƙasan ciki. Shi ya sa maganar Baba ta guje wa bakin rafi take da muhimmanci: ku shayar, ku bar wurin. Da rani ƙudan yana tattaruwa ne daidai inda ruwa ya rage.

Abu biyu nake roƙonka, Malam. Na farko, maganin kaska na wankan shanu mai sinadarin amitraz kada ya taɓa jikin dokinka. Ga shanu lafiya lau, ga doki kuwa yana tsayar da hanji, yana iya kashe shi. Kaska ka cire ta da hannu kowace yamma, ka duba cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi. Na biyu, allurar sammore da ake yi wa shanu kada ka yi masa da kanka, awonta a doki sai likita. A yi masa rigakafin tetanus, wato ciwon da ke sandarar da jiki, kafin tafiya, domin ƙaya ko tsinin dutse a kofato ta nan cutar ke shiga, kuma doki na cikin dabbobin da ta fi yi wa illa.

Inda zan ɗan bambanta da Baba, cikin ladabi, shi ne turke. A gindin dutse sau da yawa ƙasa ba ta da zurfi, turke ba ya kamawa, ingarma ya fizga sau ɗaya ya tumɓuke shi. Akwai dabarar ɗaura igiya mai kauri tsakanin manyan itatuwa biyu, sama da kan doki, a ja ta ta yi tsam, sannan a ɗaura igiyar ragama a jikinta. Tsawon igiyar ragamar ya zama hancinsa yana kai ƙasa, ba fiye ba, don kada ƙafa ta shiga. Ƙullin ya zama mai warwarewa da fizga ɗaya, wuƙa kuma na kusa da mai gadi. A naɗa tsumma ko buhu a jikin itacen don kada igiyar ta ci ɓawonsa.

Ku kanku kuma ku kula da maciji. Mu nan Gombe mun san kububuwa, har asibiti guda aka ware a Kaltungo don saran maciji, kuma irin ƙasar da take so ke nan, mai duwatsu da ciyawa. Takalmi mai rufe idon sawu, tocila a hannu da dare, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse ko tarin itace. Idan tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau, a nufi asibiti.

Ɗan Dass:

Yayana, ni ɗan can ne, kuma muna maraba da ku. Amma don Allah kada ku wuce kai tsaye zuwa dutse. Ku fara zuwa wajen mai gari ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, ku nemi ya haɗa ku da maharbi ko wani ɗan gari da ya san hanyoyin. Yanzu zamani ya canza, baƙi uku a kan dawaki da wuta a daji cikin dare, mutane ba za su kwana da ido biyu rufe ba, 'yan banga ma za su fito. Ɗan garin shi zai nuna muku inda ruwa yake a wannan shekarar, da inda ba a shiga, domin akwai wuraren da mutanen duwatsun suke girmamawa tun kaka da kakanni. Labarin tsaro ma a bakinsa za ku ji na ranar, ba na watan jiya ba.

Gonaki sun kai har gindin duwatsu. A farkon Disamba wani bai kwashe dawarsa ba, wani harawarsa na kan itace. Doki ya ci ta mutum, rigima ce. Ku saya, za a sayar muku da sauƙi, kun ma rage kaya. Sanyin hunturu a can ya fi na cikin Bauchi, ku zo da bargo har na dawakin. Wuta kuma ku share ciyawa kewaye da ita, ku kashe ta da ruwa kafin ku tashi.

Ɗan Kobi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe da asuba zan fara fita da shi. Baba, saura abu ɗaya: ɗaya daga cikin abokan nawa goɗiya gare shi, ba ingarma ba. Zai yiwu mu tafi tare? Kuma maganar igiya tsakanin itatuwa, me ka gani?

Tsohon Ɗan Barga:

Goɗiya ɗaya tsakanin ingarmu biyu a daji, a'a ɗana. Ba za su ci ba, ba za su kwanta ba, haniniya da tonon ƙasa za su kwana yi, ƙarshe ɗaya ya tsinke igiya ya far wa ɗan'uwansa cikin duhu. Ya ari ingarma ko dandaƙaƙƙe, ko kuwa shi ya riƙa ja muku jakin, ku dinga karɓa-karɓa da hawa.

Maganar Malam kuwa gaskiya ce, inda ƙasa ba ta riƙe turke ba dabararsa ta fi. Sai dai dokinka da ƙafa aka saba ɗaure shi, bai san ɗauri daga sama ba. Ka fara gwada masa a gida da rana kana tsaye, sannan ya kwana a haka dare da dama. Ku kuma kai su bayan gari ku kwana tare sau ɗaya inda gida ke kusa, ku ga wanne ne mai firgita, wanne ne mai neman faɗa, kafin ku kama hanyar Dass ta Bayara. Turakun ma ku tafi da su, ba su da nauyi a bayan jaki.