Me ya sa 'yan besbol ba sa tsufa a kulob ɗaya?

Ɗan_kallo: Jama'a wai me ke faruwa ne a besbol ɗin Amurka? Derek Jeter ya yi kaka 20 a Yankees bai motsa ba, amma yanzu da ka saba da ɗan wasa sai ka gan shi cikin wata rigar.

Mai_ƙididdiga: Kuɗi ne kawai malam. Tun 1976 in ɗan wasa ya cika shekara 6 yana buga babbar gasa ta besbol, yana da 'yancin zaɓen inda zai je, kuma wanda ya fi tayi shi ke ɗauka, dubi Ohtani, dala miliyan 700 Dodgers suka ba shi ya bar Angels, kai za ka ƙi?

Uwar_gida: Ba laifinsu kaɗai ba ne fa, kulob ma da ƙarfinka ya fara raguwa sai su yi musaya da kai.

Ɗan_kallo: Haka ne. Ni dai tafiyar Pujols daga Cardinals a 2011 har yau tana min ciwo wallahi.