Wai ta ina masana suke auna ƙyamar da mutum yake wa wasu a ransa?

Ummi_Gwale:
Salamu alaikum 'yan uwa. Furojet ɗina na soshiyoloji a kan ƙyamar ƙabila ne da ta masu wasu sana'o'i. Na raba takardar tambayoyi a unguwarmu, kowa sai ya ce min "haba, ai duk 'ya'yan Adam ne", har wata maƙwabciyarmu da a gabana ta hana ɗanta auren 'yar mahauta wallahi amsar da ta ba ni kenan. To wai su masanan ya suke kama abin?

Kawu_Fagge:
Wa'alaikis salam. Ummi tambayar taki ce ta yi ƙato, wa zai ce miki eh ina ƙyamar mutane? Wani Ba'amurke Emory Bogardus tun wajen 1925 ya yi abin kamar tsani mai hawa 7, yana tambaya za ka yarda ɗan ƙabila kaza ya zama surukinka, abokinka, maƙwabcinka, abokin aikinka, ɗan ƙasarku, baƙo kawai, ko a hana shi shiga ƙasar ma. Inda mutum ya tsaya nan ake sa masa maki. Ki gwada kan wanzamai da maƙera da mahauta, za ki ga kowa ya yarda da ciniki da gaisuwa, ana zuwa kan aure sai ki ji an fara "to, sai dai in tambayi manya".

Dr_Hauwa:
Kawu ya yi gaskiya amma fa baki daban aiki daban. Wani masani Richard LaPiere ya zaga Amurka da wasu mata da miji 'yan Chana, suka shiga otal da gidajen abinci 251, wuri ɗaya tak aka ƙi karɓarsu. Daga baya ya aika wa wuraren wasiƙa ko za su karɓi 'yan Chana, cikin 128 da suka amsa sama da kashi 90 cikin ɗari suka ce a'a! A 1934 ya fitar da sakamakon. Shi kuma nasa juyin naki ne, ƙyamar a takarda ta fito, ido da ido kunya ta hana.

Abba_Kurna:
Hhh kunya ko kuɗi dai Dakta, mai otal ai ba ya korar ciniki.

Dr_Hauwa:
Abba har da wannan, kuma ba lallai wanda ya karɓe su shi ya amsa wasiƙar ba, an sha sukarsa a kan haka. Shi ya sa na fi yarda da irin binciken wasu masana biyu, Bertrand da Mullainathan, na 2004, takardun neman aiki kusan 5,000 suka tura a Boston da Chicago, sunan kawai suke canjawa, masu sunan farar fata suka fi na baƙar fata samun kira da kusan kashi 50 cikin ɗari. A Kano da dillalan gidan haya za a gwada, a kira da suna biyu a ji wa za a ce wa "an riga an kama". Amma kar ki fara sai malaminki ya sa hannu.

Ummi_Gwale:
Na gode sosai. Gobe zan kai masa tsanin Kawu tukuna, na dillalan katin waya zai ci kuma ba ni da shi.