Juma'ar da za ta yi kyau, tun Laraba ake gane ta?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Na ji ana kare littattafan nan masu hasashen makomar al'umma da wannan karin magana, wai marubutan sun ga Laraba ne suke gaya mana Juma'a. An yi amfani da ita daidai kuwa?

Malam na Kano: Wa alaikumus salam. Ba a yi ba. Ana faɗinta ne kan abu na kusa, yaron da ya taso da natsuwa, ko gonar da ta yi tsiro mai kyau. Kwana biyu ne tsakani. Su kuwa shekara ashirin suke tsallakewa. A 1968 Paul Ehrlich na Amurka ya rubuta cewa yunwa za ta kashe ɗaruruwan miliyoyin mutane a shekarun 1970, Indiya ce kan gaba a tsoronsa. Yawan haihuwa ya ƙirga. Bai ba da isasshen muhimmanci ga sabon irin alkamar masanin noma Norman Borlaug, wanda manoman Punjab ta Indiya suka fara shukawa, ba. Alkamar Indiya ta tashi daga kusan tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970. Ni dai a ba ni tarihi, waiwaye adon tafiya.

Hajiya ta Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, ai mai waiwayen ma yakan yi tuntuɓe. Ibn Khaldun, malamin nan na ƙarni na 14, tarihi ya karanta har ya ce daula ba ta cika wuce zuriya uku ba, shekara 120. Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi, ta haura shekara 600.

Malam na Kano: Hajiya, ta Sakkwato fa? Daga 1804 zuwa 1903.

Hajiya ta Maraɗi: Wannan bindigar Turawa ce ta zo daga waje, Malam. Ba lissafinsa ba ne.

Baban Yara: Hajiya ta yi gaskiya, amma ina tare da Malam a abu ɗaya. Mai tarihi in ya yi kuskure, ga takardu ga kaburbura, za a kama shi yau. Mai hasashe kafin a kama shi ya sayar da littafinsa, in abin bai faru ba ya ce lokaci ne bai yi ba. Ehrlich haka ya yi ta cewa.

Ɗan Zazzau: To in haka ne, wace karin magana ce ta dace da su?

Hajiya ta Maraɗi: Ku nemo, amma ban da ta Laraba.