An fizge min waya, yanzu GitHub ya ƙi buɗe min

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku agaza min. Shekaranjiya bayan magariba aka fizge min waya ina cikin adaidaita sahu. Layina na dawo da shi, amma manhajar da ke ba ni lambobi shidan nan na shiga GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ta tafi da wayar. Kalmar sirrina daidai take, sai dai da na saka ta sai ya tsaya yana jiran lambar. Aikin kammala karatuna yana ciki, kuma ranar Litinin zan kai wa malami. Kwamfutata tana nan, git push ma, wato tura aiki daga kwamfuta zuwa GitHub, yana tafiya. Wallahi jiya ban runtsa ba.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri. Ranar da ka kunna tantancewa mai mataki biyu, GitHub ya ba ka lambobin ceto guda 16. Leƙa Downloads ka nemi fayil mai suna github-recovery-codes.txt. Guda ɗaya ta ishe ka shiga, kuma kowace sau ɗaya take aiki.

Amsa ta biyu:
Ƙanena, kwantar da hankalinka. Aikinka yana kan kwamfutar ai, kwafe shi a filas yau ɗin nan, Litinin ba za ta gagare ka ba. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka goge komai a kwamfutar, kada ka kai ta a sake mata Windows. Tunda push yana tafiya, akwai makullin SSH ko token a cikinta, wato makullin sirri da kwamfutar ke nuna wa GitHub a madadin kalmar sirri, domin tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen push. In lambobin ceton sun ɓace, da wannan makulli za ka nuna asusun naka ne. Za su tura lamba ta imel ɗinka, sannan ka jira 'yan kwanaki na aiki. Wanda ya rasa lambobin, ya rasa makullin, ya rasa na'urar da ya saba shiga da ita, ma'aikatansu ba sa buɗe masa komai yawan magiya. Na ga wanda ya yi asarar asusun shekaru a haka.

Amsa ta uku:
In ka shiga, ka je Settings ka kori wayar da aka sace daga Sessions, wato jerin na'urorin da aka shiga asusunka da su, ka haɗa manhajar a sabuwar waya. Ka fitar da sabbin lambobin ceto, tsofaffin za su mutu nan take. Ni nawa a takarda na buga, suna cikin jakar takardun makarantata. Ka ƙara passkey, wato hanyar shiga da zanen yatsa, fuska ko PIN na na'ura, a kwamfutar ma, kada ƙofa ta zama ɗaya.

Mai tambaya:
Alhamdu lillah! Fayil ɗin yana nan, can ƙasan Downloads. Lamba ta farko ta buɗe min. Yaya, na kwafe aikin a filas kamar yadda ka ce, yanzu zan fita in buga sabbin lambobin. Allah ya saka muku da alheri.