"Wuya ba ta kisa": har da murar yara?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Tunda aka sa ƙaramin ɗana a nazare hancinsa bai bushe ba, ya warke yau, bayan sati biyu wata murar ta dawo. Da na yi ƙorafi sai surukata ta ce, "Ke 'yar nan, wuya ba ta kisa, jikinsa ne ke yin ƙwari." Ban ce mata komai ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ana jawo wannan karin magana a kan ciwon yaro, ko Hajiya ta ɗauke ta daga muhallinta?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Muhallinta wahalar da mutum ke sha don abin da yake nema: almajiri a gaban allo, ɗan koyo a maƙera, manomi cikin rana. Babba ke faɗa wa na ƙasa da shi don ya daure. Mara lafiya kuwa "sannu" ake ce masa, a bi da "Allah ya ƙara sauƙi". Kuma shi yaro ba shi ya zaɓi wuyar ba. Ni a ganina aro Hajiya ta yi, aron kuma bai zauna daidai ba.

Baban Walid: Malam, ina ganin ka karkata. Ai ba yaron aka yi wa maganar ba, uwar aka yi wa. Wa ke kwana a zaune? Wa ke wankin tsumman majina? Tsohuwar da ta raini 'ya'ya da jikoki ta ga wannan tashin hankalin sau ba adadi, lallashi take yi irin na manya.

Malamin Hausa: To ina za ka kai "jikinsa ne ke yin ƙwari"? Wannan jikin uwar ne?

Anti Nas: Ku bari in shigo, don a nan Hajiya tana da gaskiya fiye da yadda Malam ya ba ta. Yaron da bai isa firamare ba kan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda ke cuɗanya da yara a nazare ko Islamiyya yana iya wuce haka. Ƙwayoyin bairos da ke jawo mura sun haura iri 200. Duk wadda ta kama shi, garkuwar jikinsa za ta yaƙe ta, ta kuma haddace kamanninta, amma gobe wata daban ce za ta zo wadda bai taɓa gani ba. Shi ya sa uwa ke ganin kamar mura guda ce ta ƙi tafiya, alhali baƙi ne ke ta sallama ɗaya bayan ɗaya, balle a hunturu da ake cunkushe a ɗaki. Tarin da ke biyo baya ma yakan kai sati biyu ko uku. Idan ya girma adadin na raguwa. In dai yana ci, yana wasa, yana ƙara nauyi a sikeli, yawan murar kaɗai ba alamar raunin garkuwa ba ne.

Inna Talatu: Mu dai a zamaninmu ba mu san wani bairos ba. Yaro ya yi zazzaɓi da zawo mu ce haƙori ne, a haƙura har ya tsiro. Kuma ga ku nan kun girma.

Anti Nas: Inna, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa miki. Haƙori na fara tsirowa wajen wata 6. A daidai lokacin ne garkuwar da jariri ya samo daga uwa tun yana ciki take ƙarewa, a lokacin ake fara ba shi kunu, kuma yana dab da rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki. Abu uku sun haɗu, laifi ya faɗa kan haƙori don shi ake gani. Tsirowar haƙori na sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, ba ta sa zawo ko zazzaɓi mai zafi. Zawo ruwan gishiri da sukari yake so, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Kuma neman "maganin haƙori" ya taɓa jawo mana masifa: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani sirof mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya yi ajalin yara 84 a Nijeriya.

Baban Walid: Innalillahi. Na tuna wannan.

Ɗan Maradi: Ni matsalata da karin maganar ita ce ba ta da ƙofa, kowa na iya shigo da kayansa. Yau mura, gobe wani ya ce ƙyanda ma wuya ce, a bar ta ta fito yaro ya huta. Na ji da kunnena. Me ya sa ba za mu ajiye ta mu ɗauki "rigakafi ya fi magani" ba?

Anti Nas: Ƙyanda ce ma ta fi ƙaryata "wuya ba ta kisa". A 2019 an fitar da bincike kan yaran ƙasar Holan da ba a yi wa allura ba: bayan ƙyanda, sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na sinadaran garkuwar da suka tara a baya. Wato tana goge haddar da jiki ya sha wuya ya yi, yaro ya koma kamuwa da abin da ya riga ya wuce. Allurarta ana yi a wata 9. Zazzaɓin cizon sauro ma haka, gaskiya ne manya na samun ɗan juriya bayan kamuwa sau da yawa, amma 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi mutuwa kafin su kai can. Shi ya sa tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba wa yaran yankin Sahel maganin kariya wata-wata a damina, wanda ake bi gida-gida da shi a nan da can wajenku.

Malamin Hausa: Kun dawo kan maganata ke nan. Karin maganar da sai an kafa mata sharaɗi goma kafin ta yi daidai, ba wurinta ba ne.

Baban Walid: A'a Malam, wace karin magana ce ba ta da sharaɗi? "Sannu ba ta hana zuwa" gaskiya ce, amma ba ka faɗa wa mai naƙuda. Bahaushe ya bar wa mai magana ya san lokaci. Hajiya ta dubi yaron da ke gudu a tsakar gida da majina ta faɗi tata, ba wanda ke kwance ba.

Malamin Hausa: Ita ta duba. Wanda zai ara daga bakinta fa?

Ɗan Maradi: Anti, tunda su Malam ba za su shirya ba, ke faɗa mana inda murar ke daina zama mura.

Anti Nas: Jaririn da bai kai wata 3 ba, zazzaɓi kowane iri asibiti ne nan take. Wanda ya fi haka, a kula da ƙin shan nono ko ruwa, aman duk abin da ya ci, jijjiga, barcin da ba a iya tayar da shi, ko ƙasan ƙirji na lotsawa in ya ja numfashi. A ɗaga rigarsa yana kwance shiru a ƙirga numfashi na minti ɗaya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ana zargin nimoniya, wato ciwon huhu. Zazzaɓi kuma a yi gwajin maleriya kafin a sha magani. Murar yau da kullum ba ta jin antibayotik, ko da mai kemis ya rantse. Nono, ruwa, hutu, sai zuma kaɗan don tari idan ya wuce shekara ɗaya, ƙasa da haka kada a ba shi.

Inna Talatu: Zumar ma yanzu sai da shekara? To, Allah ya raya mana su.