Wace kalma za mu ba "thrombosis" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Ina fassara wani bayani kan yadda korona mai tsanani ke jawo shanyewar ɓarin jiki, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "thrombosis".

Ga abin da ake nufi. Jini ya daskare a bakin rauni, wannan rahama ce, da ba haka ba da yankan reza ma ya kai mutum kabari. Matsalar ita ce ya daskare a cikin jijiya, inda ya kamata ya riƙa gudu. Ƙwayar korona na kumbura bangon jijiyoyi, garkuwar jiki ta harzuƙa fiye da kima, ga mara lafiya kwance kwana da kwanaki ba motsi. Sai jini ya dunƙule. In dunƙulen ya toshe hanyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe.

A watan Afrilun 2020 likitocin asibitin Mount Sinai na New York suka ba da rahoton mutum 5 masu korona, duk ba su kai shekara 50 ba, da aka kawo musu a tsakanin mako biyu kacal, babbar jijiyar ƙwaƙwalwarsu ta toshe. Wani bincike a birnin ya gano kashi 1.6 cikin ɗari na masu korona da suka je asibiti sun gamu da shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya, masu mura mai zafi kuwa kashi 0.2.

To, da farko na rubuta "daskarewar jini". Wata nas ta ce, "Malam, ai wannan ya haɗa mai amfani da mai kisa, mai sauraro zai ɗauka duk ɗaya ne." Na yarda da ita. Wani ya kawo "sandarewar jini", amma sandarewa ta gawa ce da busasshen ice, jini ba ya zama sanda.

Wani dattijo ya ce a sa "gudan jini". Allah ya ƙara girma, Baba, kalmar ta yi daɗi, sai dai duk wanda ya zauna a tafsirin azumi, da ya ji ta hankalinsa zai tafi kan halittar ɗan Adam a mahaifa.

Ni dai raina ya kwanta da "gudajin jini". Kowace mai girki ta san gudaji: koko ne ana damawa ya ƙi haɗuwa, ya yi ƙulalai a cikin ruwansa. Haka abin yake, sauran jinin na gudu, wani yanki ya dunƙule. Ungozomomi ma sun daɗe suna cewa jini ya zubo gudaji-gudaji. Sai mu ce "gudajin jini a jijiya" ga cutar, yanayin da ke haifar da ita kuma "saurin daskarewar jini".

Saura maganin, irin su hefarin da ake yi wa marasa lafiya allurarsa. Na ga ana rubuta "maganin tsinka jini". Ku yi hattara, mace da ta taɓa haihuwa in ta ji "tsinkewar jini" gabanta zai faɗi. "Maganin hana gudaji" ya fi, kuma ya fi gaskiya, don ba ruwa yake mayar da jinin ba.

'Yan Damagaram da Maraɗi, ku ma gudaji kuke cewa?